Labaranmu ba su da unguwa

A labaran Hausa da ake turawa shafi-shafi a WhatsApp da manhajojin karatu, akwai wani gida guda da kusan duk taurarin ke zaune a ciki. Katafare ne, da get da maigadi, da falon sama da falon ƙasa, sanyin esi ya gauraye da ƙamshin turaren wuta. Wannan marubuciya ta ce gidan a Kaduna yake, waccan ta ce Abuja, wani kuma ya kai shi Maiduguri. Amma in ka goge sunan garin ka rubuta wani, ba layin da zai nemi gyara. Motar da ta fita daga get ɗin ba ta taɓa bin titi mai suna, ba ta maƙalewa a cunkoson Kawo, ba ta dakatawa don masu kai gawa su wuce. Fita take yi, sai a ce "suka iso".

Ni a ganina wannan asara ce babba, kuma mu mutanen Kaduna mun fi kowa tafka ta. Ba wai so nake a riƙa cusa sunayen tituna a labari don mu ji daɗi an ambaci unguwarmu ba. Wurin da labari ya faru shi ke haifar da abin da mai karatu zai ji a ransa. In babu wurin, dole marubuci ya koma yana gaya mana abin da za mu ji da bakinsa: "hankalinta ya yi mummunan tashi", "zuciyarsa ta yi baƙi ƙirin", "wasu zafafan hawaye suka zubo mata". An yi mana shelar baƙin ciki, mun ji shelar, amma shi baƙin cikin bai iso mu ba.

Ga misali da abin da duk ɗan garin nan da ya haura shekara arba'in ya sani. An buɗe masaƙar KTL a Kakuri a 1957, daga baya su Arewa Textiles da UNTL da Nortex suka biyo, har Kaduna ta zama cibiyar saƙa a ƙasar nan. Dubban mutane daga kowane sashe suka ci abinci a wurin. Da aka shiga shekarun 2000 sai masaƙun suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya, ma'aikata da dama suka rasu suna jiran haƙƙinsu. To a ce marubuci zai ba da labarin ɗaya daga cikinsu. Yana iya cewa, "Tun da aka rufe kamfanin ya shiga damuwa da ƙuncin rayuwa." Bai yi ƙarya ba. Yana kuma iya nuna mana mutumin da har yau yake farkawa daidai lokacin da ake busa jiniyar canjin aiki, alhali an yi shekaru rabon da a busa ta. Ya tashi ya goge kekensa tsaf, ya mayar ya jingine. In hanya ta bi da shi ta bakin get ɗin, ya ga ciyawa ta kere katanga, awaki na kwance inda mai shayi da masu tuwo-tuwo ke kasa kaya a da, sai ya tsallaka ɗaya hannun titin. Ba a ambaci damuwa ko sau ɗaya ba. Mai karatu ne ya harhaɗa ta da kansa daga jiniya da keke da ciyawa, shi ya sa za ta daɗe a ransa bayan ya ajiye waya.

Kada wani ya ji haka ya ɗauka yawan bayani ake nema. Akwai marubutan da in sun tashi zayyana sai su cinye shafi guda suna lissafa kalar labule da kujeru da sunan agogon hannu da kamfanin da ya yi takalmi, sai ka rantse 'yan ganin jere ne suka dawo suna ba da rahoto. Wannan ma rashin wuri ne, don kayan ba su gaya mana komai game da mai su ba illa yana da kuɗi. Gwanintar a zaɓi take. Cikin abubuwa ɗari da ke ɗakin, wane ɗaya ne in ka nuna shi sauran casa'in da tara za su bayyana da kansu? A ɗakin bazawarar da ta dawo gidan iyayenta, wataƙila akwatunan lefen da aka jera bayan ƙofa aka rufe da tsohon zani, aka ɗora buta a kai, sun ishe ka.

Kuma wuri ba shi da yanayi nasa na ƙashin kansa sai an san idon wa ke kallonsa. A nan ne Kaduna ta ba marubuci abin da garuruwa kaɗan ke da shi, shi kuma yake gudu. Ɗauki babbar gadar kogi ta kusa da filin wasa na Ahmadu Bello. Bayan rikicin Fabrairu da Mayu na 2000, da na Nuwamba 2002, da na bayan zaɓen 2011, mutane suka yi ta sayar da gidaje da musayarsu. Musulmi da yawa suka tattara zuwa Tudun Wada da Rigasa da Unguwar Sanusi da Kawo, Kiristoci da yawa suka koma Sabon Tasha da Television da Unguwar Romi da Narayi. Ba ko'ina aka rabu ɗin ba, har yanzu akwai unguwannin da ake cakuɗe, amma kowa ya san kogin ya zama iyaka a zukata. Da rana tsaka a ranar da gari ke lafiya, gadar ba komai ba ce illa hayaƙi da hon da masu tallan ruwan leda. A bar ta zuwa magariba a ranar da jita-jita ta fara yawo a waya. Direban da ya kai fasinja Sabo yana komowa, ba ya sakin numfashi sai ya ga ya sauka ta ɓangaren arewa. Matar da ta sayo kaya a Kasuwar Gumi tana komawa Narayi, ita kuma sai ta haye kudu take sassauta riƙon da ta yi wa jakarta. Gada ɗaya, lokaci ɗaya, inda hankalin wannan ke kwanciya nan na waccan ke fara tashi. Marubucin da ya iya ajiye su biyun a kan gadar nan ba ya buƙatar ya rubuta kalmar tsoro, ba ya kuma buƙatar ya rufe labarinsa da huɗubar zaman lafiya.

Na san abin da ya sa ake kauce wa hakan. A Kaduna, in ka ambaci unguwar mutum, kusan ka faɗi addininsa da yarensa, kuma marubuci ba ya son a ce ya taɓo wuta. Akwai hankali a cikin wannan tsoron. Sai dai a duba abin da ya haifar. Da yake masu ƙagaggen labari sun ja da baya, an bar wa labaran duniya su kaɗai aikin siffanta garin. Mai sauraro a Sakkwato ko Damagaram abin da ya sani game da mu shi ne dokar hana fita, da harin jirgin ƙasa na Maris 2022, da satar mutane a hanyar Abuja. Duk sun faru. Amma bai san tsohuwar da ta yi shekara ashirin tana tsallaka kogi duk ƙaramar Sallah don kai wa tsohuwar maƙwabciyarta tuwo ba, ita ma a kawo mata shinkafa ranar Kirsimeti. Ɗan jarida ba zai kawo wannan ba, don ba labari ba ne a wurinsa. Aikin mai ƙaga labari ne. Kuma ba dole sai ka nuna gidan wani ba, kana iya ƙirƙirar layi da masallaci da mai kanti a cikin unguwa ta gaskiya.

Kaduna ma ba gari ne mai ganuwa da ƙofofi irin Zariya ko Kano ko Katsina ba. Turawa ne suka mayar da ita hedikwatar Arewa da suka taso daga Zungeru a 1917, a ƙasar da Gbagyi ke zaune. Jirgin ƙasa da aikin soja da ofis da masaƙa su suka tara mutanenta. Saboda haka har Hausar garin daban take, akwai ta Bazazzagi, da ta Bakatsine, da ta ɗan Kudancin Kaduna da ya tashi da ita tun yana yaro, da ta Bayarabe mai sayar da kayan gyaran mota, da ta yaran da ke cakuɗa ta da Turanci a jimla ɗaya. Magana ma wuri ce. Amma sai ka karanta labarin da aka ce a Kaduna ya faru, ka tarar kowa, har da ɗan sandan da ke kan hanya, yana magana da baki ɗaya, na marubucin.

Inda aro ya fi fitowa fili shi ne wajen yanayin sama. Finafinan Indiya sun koya mana cewa ruwan sama lokacin soyayya ne, littattafan Turawa kuma sun koya mana cewa lokacin kaɗaici ne, sai muka kwaso duka biyun ba mu tambayi damunarmu ba. A nan in hadari ya haɗo daga gabas, iska ce ke fara tasowa da ƙura da ledoji, mata na rige-rigen kwashe shanya, ana ƙwala wa yara kira, a ɗauke wuta, a jera bokitai a bakin indararo. In ruwan fari ne, ƙamshin ƙasa ya tashi, shinge su yanyame fitila. Rahama ce da hayaniya, ba wanda ke tsaye a taga yana tagumi. Amma ga mai gida a bakin kogi, irin su Kigo Road ko Rafin Guza, ƙarar ruwa a kan kwano cikin daren Agusta ma'anarta a ɗaga katifa, a haska tocila a duba inda ruwa ya kai. Haka hunturu. Ga mai bargo da ruwan zafi, lokacin barci mai daɗi ne. Ga mai gadi da almajiri, lokacin kaushi da faso ne da kewaye wutar kara kafin asuba. Ga mai gwanjo a Kasuwar Barci kuwa, kakarsa ce ta yanke saƙa. Duk wannan yana nan a banza, marubuci bai saye shi ba, amma sai ya tsallake ya rubuta "garin ya yi luf-luf, iska mai daɗi na kaɗawa".

A waƙa abin ya fi ciwo, don mun gaji abin da ya fi haka. Malaman da suka yi waƙoƙin wa'azi tun zamanin jihadi ba su tsaya ga cewa mutuwa abin tsoro ce ba. Sun nuna maka makara a kafaɗar mutane, da likkafani, da ƙuncin rami, da dangi suna karkaɗe hannu suna juyawa gida, da magada sun zauna rabon abin da ka tara. Kowane mai sauraro ya taɓa raka gawa, don haka waƙar ba ta kai shi wani wuri baƙo ba, ta dai juya shi ne ta kwantar da shi a inda ya saba ganin waninsa. Kuma kada a ɗauka zayyana aikin ido ne kawai. Aliyu Namangi na Zariya makaho ne tun yana ƙarami, amma baitocinsa sun cika da hotunan da masu ido ke gani sarai, har almajirai da makafi suka haddace su suka yaɗa su ƙasar Hausa baki ɗaya. Kunne da hanci da fata duk suna gani a waƙa.

Yanzu ka leƙa waƙoƙin soyayya da matasa ke sakawa a Facebook. Furen wardi, dusar ƙanƙara, igiyar teku, tauraruwa mai haskawa cikin taurari. Yaron da bai taɓa wuce Gonin Gora da ke bakin garin nan ba yana kamanta masoyiyarsa da teku. Ba haramun ba ne, amma hoto yana aiki ne in ya taɓa abin da jikin mai sauraro ya riga ya sani. Ka ce mini sanyin dusar ƙanƙara, sai in tuna talabijin. Ka ce sanyin ruwan randa a azumin bazara, kafin ka rufe baki maƙogwarona ya motsa. Sannan an manta cewa rubutacciyar waƙar Hausa don a rera aka yi ta. Kari ne ke fara gaya wa kunne ko kuka za a yi ko rawa, tun kafin kalmomi su gama isa. Ɗauki baiti ɗaya ka rera shi da karin masu bara, ka sake rera shi da karin 'yanmata a dandali, za ka ji ya zama baiti biyu. Mai waƙar da ya tsaya ga daidaita amsa-amo a ƙarshen ɗango (wato layin baiti) kawai, bai damu da kari ba, ya bar rabin kayan aikinsa a gida.

Akwai masu cewa in bar mutane su huta. Yawancin masu karanta labaran nan mata ne da ke ɗaki ɗaya, ba wuta, ga zafi, ga kukan yara, me zai sa a sake nuna musu abin da suke ciki? Falon nan mai sanyi shi suke saye da kuɗinsu. Wannan magana ce mai ƙarfi, kuma ba na raina wanda ke neman hutu a labari. Amma ko hutun ba ya daɗi sai an san daga inda aka taso. Falon ba zai yi wa mai karatu sanyi ba sai an fara shigar da ita ɗakin kwano a Hayin Rigasa a watan Maris ta ji gumi na bin bayanta. Labaran da suka fi kama mutane cikin irin waɗannan, in ka lura, su ne waɗanda babin farkonsu, na talauci, yake da ƙasa da wari da sunan maƙwabta. Da zarar yarinyar ta auri mai kuɗi sai duniyar ta zama hoton kalanda, daga nan kuma sai marubuciya ta koma jan labarin da kishiya da asiri da hatsarin mota, don wurin ba ya ba ta komai.

Wasu kuma su ce ai tatsuniya ma ba ta da gari, "wani sarki ne a wani gari" kawai ake cewa, kuma ta rayu ɗaruruwan shekaru. Haka ne, amma mai tatsuniya tana da dare, da farin wata, da tsakar gida, da yaran da suka san rijiya da kurmi da bakin rafi don da rana can suka wuni. Zaman da kansa shi ke ba da wurin. Wayar hannu ba ta ba da ko ɗaya, ana karanta ka a layin banki ko a cikin a-daidaita, saboda haka duk abin da ba ka gina da kalmomi ba, babu shi.

Uzurin da na fi yarda da shi shi ne gaggawa. Marubuciyar da mutane suka biya kuɗin shiga zaurenta suna jiran shafi kullum ba ta da lokacin zama ta zaɓi hoto, ba ta kuma da edita. Littattafan farko da suka fito daga gasar rubuta ƙagaggun labaran Hausa ta 1933 sun bi ta hannun Hukumar Talifi a Zariya, an tace an gyara, duk da cewa tacewar tana da nata son zuciyar na mulkin mallaka. Yau ba mai tacewa sai masu sharhi, su kuma abin da suke tambaya shi ne yaushe za a ɗaura auren. Gasanni da bukukuwa sun ɗan cike giɓin: Hikayata ta BBC tun 2016, bikin littattafai na KABAFEST da aka fara a nan Kaduna a 2017. Sai dai a yawancin tarukan marubuta da muhawararsu, jigo ake tattaunawa, wato fyaɗe, shaye-shaye, auren dole, rashin tsaro. Yadda aka gina ɗakin da abin ya faru a ciki ba kasafai ake tanka shi ba, kamar dai muhimmancin jigo ya isa ya rufa wa raunin rubutu asiri.

Amma tushen abin a aji yake. Ɗalibin sakandare yana haddace kamantawa da siffantawa da alamtarwa da mutuntarwa da kambamar zulaƙe, a tambaye shi ma'ana da misali biyu, ya rubuta "Audu zaki ne", a ba shi maki. Ba wanda ya tambaye shi me ya sa zaki ba giwa ba, ko me kalmar ta sa mai sauraro ya ji, ko shin akwai abin da zai nuna Audu yana yi wanda zai sa ba sai an kira shi zaki ba. Sai ya fita da tunanin cewa adon harshe ado ne da gaske, abin da ake yafa wa rubutu bayan an gama shi. Shi ne gobe zai zama marubuci, shi ne kuma zai zama alƙalin gasa.

Gyaran wannan ba sai an jira sabuwar manhajar karatu daga Abuja ba. Malamin Hausa na iya ɗaukar ajinsa zuwa kasuwar Fanteka na awa guda, su tsaya inda ake narka gwangwani ana zuba tukwane, su ji guduma a kan ƙarfe da ƙaurin walda, kowa ya dawo ya rubuta layi goma. Sharaɗi ɗaya kawai: ba kalmar kyau, ba daɗi, ba wahala, ba tausayi. Washegari a karanta a aji, sauran ɗalibai su faɗi abin da suka ji, a gani ko shi ne abin da mai rubutun ya nufa. Wani zai rubuta ƙarar wurin, wata za ta rubuta yaron da ke hura zuga da tabon ƙuna a hannunsa, daga nan malam ya samu abin da zai kafa darasin siffantawa a kai na wata guda. In shugaban makaranta ya ce ba kuɗin mota ko ba izinin iyaye, a tsaya a bakin get lokacin tashi, akwai mai rake da mai awara da 'yan acaɓa, sun isa darasin farko.